Tsire Ne Ko Suya?

A farkon shekarar 2025 aka ba da labari cewa babban ƙamus na Turanci na Oxford, a Ingila, ya karɓi kalmar suya a cikin kalmomi ashirin daga Nijeriya. Mutane da yawa suka yi murna. Mu ma mun yi, gama kalmar tamu ce. Amma akwai abin dubawa: naman da suke nufi ba suya ba ne a bakin Bahaushe. Sunansa tsire.

Bari mu bi kalmomin nan biyu a hankali. Suya ta fito daga soya. Ana suyar ƙosai, ana suyar gyaɗa, uwargida kuma takan yi suyar nama a tukunya ran jajiberen Kirsimeti. Tsire kuwa daga aikin tsirewa ne, wato a soke abu da tsinke ko itace mai tsini har ya tsaya a kai. Mahauci yakan yanka jan nama falle-falle, ya tsire shi a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da yaji da gishiri, sa'an nan ya kakkafa tsinkayen kewaye da wuta a kan tukuba, yana jujjuyawa, yana yayyafa man gyaɗa. Ba kasko, ba tukunya. Ina suya a nan? Gashi ne. In an gasa naman babu tsinke, ya zama balangu. In an shanya shi a rana tukuna, an tsoma cikin labu, ya zama kilishi. Kowane yana da sunansa, kakanninmu ba su haɗa su ba.

Ga ɗan abin lura domin 'yan makaranta: tsiren nama daga tsirewa yake. Tsire-tsiren gona dabam ne, daga tsiro suke.

To, yaya suya ta ƙwace wurin tsire? Hanyar shanu ta bi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma layin ya kai Nguru ta Gagarawa. Fataken shanu da mahauta suka yi ta gangarawa Kudu, suka zauna a Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko, suka kafa tukubarsu a bakin titi. Har yau manyan motoci suna ɗibar shanu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis zuwa can. A ganinmu harshe ne ya yanke shari'ar: "ts" tana da wuya ga Bayarabe da Ibo, suya kuwa kowa yana iya faɗi. Mai sana'a ba ya gardama da mai saye a kan suna. A Kamaru ana cewa soya, a Gana cicinga, a Sudan agashe, inda kunnen Bahaushe yake jin gashi sarai.

Abin da ya dame mu shi ne kalmar ta komo gida da baƙuwar ma'ana. Yaranmu da suka yi karatu a birni sukan zo hutu Gumel ko Sule Tankarkar suna tambayar "mai suya", suna ganin tsire maganar ƙauye ce. Waɗansu ba su taɓa jin tukuba ba. Iyaye, in kun aiki yaro kasuwa da yamma, ku ce masa ya sayo tsire tsinke biyar, ya kuma tambayi mahaucin sunayen kayan aikinsa.