Yadda Muka Yi Kwari Da Guntun Gora

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wani ƙauye, na iske 'yan ajina suna fita harbin gafiya da kibau tsirara a hannu. Ran nan wani ya yi tuntuɓe, kibiya ta shige masa cinya. Mai kunne ce kuwa, sai da aka tsaga kafin ta fita. Dalilin da ya sa muka zauna yin kwari ke nan, ko kwabo ba mu kashe ba.

A nemi gora mai kauri, busasshiya sarai. Ni da ɗanya na fara, hunturu na shigowa ta tsage. A yanke ta ƙarƙashin gaɓa, domin gaɓar nan ita ce gindin kwarin. Tsawonta ya kasa na kibiya da kamar inci 3, yadda hannu zai kama kyauron. Sauran gaɓoɓin ciki kuwa sai a huda su da ƙarfe mai zafi, a goge sosai.

To, ga abin da yara kan manta: a cusa tsumma can ƙasa. In babu shi, tsinin kibiya ya dakushe, gindin kuma ya fashe.

Sa'an nan a yanka tsohuwar robar cikin tayar keke, a naɗe baki da gindi tam, a ɗaura tsohon maɗauri na rataya. Kibau su shiga da tsini ƙasa. Wani yaro ya kifa gwangwanin madara a bakin nasa don ruwan sama, abin da ni ban tuna ba.