Sanya wa tsohuwar mota rimot: Abin da ake binnewa a ƙarƙashin sitiyari

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, da kuma faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, batun sauya mota ya fita daga lissafin ma'aikacin tarayya mai matsakaicin mataki. Da dala ake sayo tokumbo, da Naira ake biyan albashi. Saboda haka Corolla ƙirar 2005, da Camry ɗin da ake wa laƙabi da Big Daddy, da Accord EOD, da tsofaffin Peugeot 406 da ke jere a kewayen Sakatariyar Tarayya suna nan daram har zuwa wasu shekaru, masu su kuwa sun koma lallaɓa su da ƙananan gyare-gyare. Daga cikin waɗanda suka fi farin jini akwai sanya rimot na buɗe ƙofa da kulle ta daga nesa.

Dalilin a fili yake. Hadimin da ya fito daga ofis rungume da fayil-fayil ana sheƙa ruwan Agusta ba ya son tsayawa lalubar ramin makulli, haka ma uwar da ta ɗauko yara uku daga makaranta. Wasu motocin kuma kwaɗon ƙofar direba ya riga ya cinye, sai an yi ta jijjiga makulli kafin ya juya. A garejin Apo da na Kugbo, masu aikin wayar mota da aka fi sani da riwaya suna da kayan a kusa: ɗan baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, rimot biyu, da damin wayoyi kala-kala, galibi ƙirar Chaina. "Yallaɓai, aikin awa ɗaya ne," abin da akan gaya wa mai mota ke nan. Sau da yawa hakan ne. Sai dai a cikin wannan awa ɗaya ake yanke wayoyin da suka yi shekara ashirin ba a taɓa su ba, kuma ingancin abin da aka yi ba ya bayyana sai bayan watanni.

Akwai tambayar da ya kamata a fara yi, wadda mai sayar da kaya ba shi da wata riba idan ya yi ta: shin motar ba ta zo da nata tsarin daga kamfani ba? Da yawa daga cikin motocin da aka shigo da su daga Amurka suna ɗauke da na'urar karɓar saƙon rimot tun asali, rimot ɗin ne kawai ya ɓace a hanya, tsakanin wurin gwanjo da tashar jiragen ruwa ta Legas ko Kwatano. Irin wannan mota ba ta bukatar a yanke mata waya ko ɗaya. Rimot ɗin da ya dace da ita za a nemo a daidaita su, a wasu tsofaffin Toyota da Honda ma ana yin hakan da makulli da ƙofar direba kawai, ba tare da kwamfuta ba. Abin lura shi ne zangon rediyo: motocin kasuwar Amurka galibi suna aiki a kan megahaz 315, na Turai kuma a kan 433. Rimot ɗin da aka ciro daga motar Beljiyam ba zai yi magana da 'yar Amurka ba, ko da suna da ƙirarsu ɗaya ne.

Idan ta tabbata babu na kamfani, sai a dubi yadda ƙofofin suke kulluwa. Motar da ke da maɓallin kulle dukkan ƙofofi a hannun direba aikinta mai sauƙi ne, domin akwatin rimot zai kwaikwayi danna wannan maɓalli ne kawai. Amma ba kowace mota ke karɓar umarnin ta hanya ɗaya ba. Yawancin Toyota da Honda na wancan zamani suna jiran a taɓa wayar da nagetif. Wasu motocin fozitif suke jira, wasu kuma juya wutar ake yi gaba da baya. Tsofaffin Marsandi da Golf 3 nasu daban ne, iska ce ke kulle su ta wani ɗan famfo, wanda ke bukatar saƙo mai ɗan tsayi fiye da na saura kafin ya gama zagaye ƙofofin. Riwayan da ya haɗa fozitif inda ake jiran nagetif, idan an yi sa'a fiyus ne zai ƙone, idan ba a yi ba na'urar da ke sarrafa ƙofofi da fitilun ciki ce za ta tafi, kuma kuɗin samo wata ya ninka na rimot ɗin.

Motar da ake kulle ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya da hannu ita ce mai dogon aiki. Dole a ɓalle murfin kowace ƙofa a ɗaura mata ƙaramin inji mai turawa da janyowa, a saƙala shi da sandar kwaɗon, sannan a ja waya daga cikin mota zuwa ƙofar. Hanyar da ta dace ita ce ta cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Mai gaggawa yakan bi da wayar ta gefe, inda duk buɗewa da rufewa ƙarfe ke cizon ta har rigar ta goge.

A nan ne bambanci tsakanin gwani da ɗan koyo yake, kuma mai mota na iya ganinsa da idonsa idan ya tsaya maimakon ya bar makulli ya koma ofis. Gwani yana gwada kowace waya da mita kafin ya taɓa ta. Yana liƙe mahaɗa da dalma ya rufe da roba mai ƙanƙancewa da zafi, kuma yana sanya fiyus dab da inda ya ɗebo wuta. Ɗan koyo yana fere waya da reza, ya murɗa, ya naɗe da baƙin salatif. Motar da ke yini a rana a watan Maris na Abuja, zafin cikinta yana narkar da ƙaron salatif ɗin, ya warware a hankali, tsirarar waya ta rage tana lilo kusa da ƙarfen sitiyari. Wayar da ba ta da fiyus idan ta taɓa ƙarfe ba abin da zai katse ta, zafi za ta yi ta ɗauka har ta kama. Sannan akwai wayoyin da ke cikin riga ko soket mai launin rawaya: na jakar iska ne. Soka musu fitilar gwaji, wadda riwaya da yawa ke amfani da ita a madadin mita, na iya lalata tsarin ko ma ya fasa jakar a fuskar mai aikin.

Matsalar da ta fi yawa ba ta kai wannan tsanani ba, amma ta fi cin rai. Akwatin rimot ba ya barci, kullum yana sauraron saƙo, don haka kullum yana shan wuta. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk abin da motar da aka kashe ke sha kada ya wuce miliam 50. Idan akwati mara inganci, ko haɗin da aka yi ba daidai ba, ya kai shan zuwa miliam 200, lissafin mai sauƙi ne: kusan am 5 a kowace rana, sama da 33 a mako, wato fiye da rabin batir mai am 60, in ma sabo ne. A da, lokacin da ake tuƙa mota kullum daga Kubwa ko Nyanya zuwa ofis, ba a lura da wannan, domin tafiyar tana mayar da abin da aka sha. Yanzu da tsadar mai ta sa ma'aikata da dama ke ajiye mota a gida su bi ta haya, sai ranar Asabar a murɗa makulli a ji shiru. Akan ɗora wa batir laifi a sayi sabo, shi ma ya bi sahun na farko.

Babban al'amarin dai shi ne tsaro, kuma a nan ne aka fi ruɗar masu saye. Tun da Renault Fuego ta fito da irin wannan rimot a 1982, masu ƙira da ɓarayi suke tsere. Rimot na farko-farko lamba ɗaya tak suke aikawa duk lokacin da aka danna, wanda ya naɗi saƙon sau ɗaya ya mallaki makullin har abada. Maganin da aka samo shi ne lamba mai sauyawa, inda kowace dannawa ke fitar da sabuwa, tsohuwar kuma ta mutu. Fitaccen tsarin irin wannan, KeeLoq, a Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi. Abin takaici shi ne da yawa daga cikin akwatunan masu araha da ke kasuwa har yau lamba mara sauyawa suke amfani da ita, kuma rimot mai kwafar irin wannan lamba abu ne da ake sayarwa a fili don ƙofofin gidaje. Duk wanda rimot ɗin ya shiga hannunsa na minti ɗaya, a wurin wankin mota ko a gareji, zai iya yin nasa. Mutumin da kwaɗonsa ke bukatar a fasa ya biya kuɗi an mayar da shi wanda ake buɗewa ba ƙara ba alama. Garin neman gira an rasa ido.

Ba kuma labarin ƙasashen waje ba ne kawai. A 2022 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gargaɗi 'yan Nijeriya game da yadda ake naɗar saƙon rimot a sake aika shi don buɗe wasu samfuran Honda da Acura, waɗanda ma na kamfani ne. Lamba mai sauyawa ita ma ba ta gagara gaba ɗaya ba, kamar yadda mai bincike Samy Kamkar ya nuna a 2015 da na'urarsa RollJam, amma karya ta na bukatar ƙwarewar da ɓarawon wurin ajiye motoci ba lallai ya samu ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce toshe saƙon: mai mota ya danna yana tafiya, ya ɗauka ta kullu, alhali wani a kusa ya cika zangon da hayaniya. Ga hadimin da ya bar kwamfutar ofis da takardun maigidansa a kujerar baya, jan hannun ƙofa bayan dannawa ya fi dogaro da ƙiftawar fitila.

Rimot ƙofa kawai yake kullewa, ba ya hana inji tashi. Wannan aikin wata na'ura ce daban, mai karanta ɗan ƙwayar lantarki da ke cikin kan makulli, wadda Jamus ta wajabta wa sababbin motoci tun 1998, shi ya sa yawancin motocin Beljiyam na bayan wannan shekara ke da ita. Akwatunan da ke alƙawarin tayar da inji daga nesa sai sun kauce wa wannan na'ura kafin su yi aiki, hanyar da aka saba bi kuwa ita ce a ɓoye makulli na biyu ko ƙwayarsa a cikin motar. Wato dai an cire mata kariyar da ta fi kowace ƙarfi don a samu sanyin na'urar sanyaya ɗaki kafin a shiga. Cinikin bai yi ba.

Akwai kuma saitin da ya kamata a nemi riwaya ya kashe tun kafin ya mayar da murfi. Akwatuna da yawa suna zuwa da tsarin sake kulle ƙofofi da kansu bayan kamar daƙiƙa 30, kuma idan ba a haɗa wayar da ke sanar da su an buɗe ƙofa ba, za su kulle ko da makullin yana kan kujera. Makulli kaɗai ne a ciki, ɓata lokaci ne. Idan jariri ne aka ɗaure a baya aka zagayo don shiga gaba, a tsakar ranar Abuja, maganar ta zama ta fasa gilashi. Gwajin ba shi da wuya: a sauke gilashin direba, a buɗe da rimot, a buɗe ƙofa a rufe, a jira minti biyu a ga abin da zai faru. A kuma gwada tsohon makullin ƙarfe a ƙofar direba kafin a biya, domin wasu kan cire sandarsa yayin aiki su manta ba su mayar ba, kuma shi kaɗai ne zai buɗe motar ranar da batirinta ya mutu.