Saƙon tes na taimakon barin shan taba

Saƙon tes na taimakon barin shan taba wata hanya ce ta kiwon lafiya da ake aika wa mai shan taba gajerun saƙonni ta wayar salula, a lokutan da aka tsara, domin tallafa masa ya daina sha. Sau da yawa ana haɗa ta da shawarar ma'aikacin lafiya a cibiyar kiwon lafiya matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma a shekarar 2024 ta sanya saƙon tes cikin hanyoyin da ta amince da su wajen taimaka wa manya su bar taba.

Yadda tsarin yake aiki

Ma'aikacin lafiya yakan tambayi majiyyaci ko yana shan taba, ya yi masa gajeriyar nasiha, sannan ya rubuta lambar wayarsa idan ya yarda. Majiyyacin shi zai zaɓi ranar da zai daina. Kafin ranar, saƙonni na shirya shi, kamar ya kawar da sigari da ashana daga ɗakinsa. Bayan ranar kuma sai su koma ƙarfafa masa gwiwa.

Dalilin wannan tsari shi ne sinadarin nikotin da ke cikin taba yana sa jiki ya saba da shi. Idan mutum ya daina, yakan fuskanci saurin fushi, rashin barci da ƙwawar taba. Waɗannan alamomi sun fi tsanani a makon farko, sannan su ragu cikin makonni kaɗan. Ita ƙwawar takan lafa bayan 'yan mintuna, don haka saƙon da ya iso a kan lokaci na iya hana mutum kunna kara.

Tarihi

An fara gwada hanyar sosai a ƙasar New Zealand, inda aka wallafa sakamakon wani bincike a kan mutum 1,705 a shekarar 2005. A shekarar 2011 mujallar The Lancet ta buga sakamakon gwajin txt2stop da aka yi a Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Caroline Free, da mutum 5,800. Masu shiga sun karɓi saƙo 5 a rana har mako 5, sannan saƙo 3 a mako har mako 26. Bayan wata 6, kashi 10.7 cikin ɗari na waɗanda suka samu saƙonnin sun daina, amma kashi 4.9 ne kawai suka daina a ɗaya rukunin. An tabbatar da hakan ta gwajin yawu ko na numfashi.

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka ƙaddamar da shirin haɗin gwiwa na amfani da wayar salula a yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka. A ƙarƙashinsa Indiya ta fara nata shirin a 2016, inda mutum ke shiga ta hanyar yi wa wata lamba filashin, kuma sama da mutum miliyan 2 suka yi rajista.

Shan taba a Najeriya

Binciken ƙasa da aka gudanar a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manyan Najeriya na amfani da taba: kashi 10 na maza da kashi 1.1 na mata. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005, ta kuma kafa dokar taƙaita taba ta ƙasa a 2015. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Baya ga sigari, a ƙasar Hausa akwai masu shaƙar garin taba da masu ɗura shi a baki.

Dacewa da karkarar arewacin Kano

Ƙananan hukumomi irin su Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa yanki ne na manoma mai cunkoson jama'a, inda ƙauyuka ke kusa da juna kuma ake noma gero, dawa, gyaɗa da wake. Ƙananan asibitocin yankin na ƙarƙashin hukumar kula da kiwon lafiya matakin farko ta Jihar Kano, kuma galibi ma'aikatan lafiya na al'umma ne ke duba marasa lafiya, ba likitoci ba. Da damina manomi ba ya samun sukunin yawan zuwa asibiti, amma saƙon tes yana iya samunsa a gona. Saƙon ba ya buƙatar intanet ko babbar waya, kuma karɓarsa kyauta ne.

Ƙalubale

Na farko shi ne karatu. Akwai manya da yawa da suka iya ajami amma ba su karanta boko, don haka saƙon murya ya fi dacewa da su. Na biyu shi ne sirri: a wasu gidaje mutum biyu ko uku ke amfani da waya ɗaya, kuma mai shan taba a ɓoye ba zai so iyalinsa su ga saƙon ba. Na uku shi ne ƙarancin wutar lantarki, wanda ke sa waya ta kwana a wurin mai caji.

Akwai kuma matsalar rubutu. Saƙon tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma idan aka sa baƙaƙe masu lanƙwasa kamar ɓ, ɗ da ƙ, sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ƙaru.

Saƙon tes ba ya maye gurbin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗa nasiha da magungunan rage ƙwawar nikotin ya fi ƙara yiwuwar mutum ya daina taba gaba ɗaya.