Yadda fitsarin dawaki ya tona asirin kwanson harsashi

A zamanin mulkin mallakar Birtaniya a Indiya, sojoji sun sha fama da wata matsala mai ɗaure kai. Da damina ta kama sai su adana harsasai a bargar dawaki, amma idan rani ya yi aka buɗe akwatunan, sai a tarar da kwanson harsasai da dama sun tsattsage ba tare da an harba su ba.

Sai a 1921 masu bincike a Birtaniya suka warware zaren. Iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ce ke cin tagullar, kuma ta fi yin ɓarna a wuyan kwanso, inda ƙarfen ya takura tun lokacin ƙira. Maganin da aka samo shi ne gasa wuyan da wuta domin ya saki jiki.

Wannan darasi na nan da rai a Amurka, inda doka ta bai wa mafarauta da masu gasar harbi damar sake cika kwanson da suka riga suka harba.

Tagullar kwanso haɗi ce ta kashi 70 cikin 100 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Duk harbi ɗaya kwanso na buɗewa, sannan a matse shi ya koma yadda yake. Kamar wayar da ake ta lanƙwasawa, haka wuyan ke ƙara tauri har ya tsage. Gashi na mayar masa da laushinsa, ya ƙara masa kwana, ya kuma sa ya riƙe kan harsashi daidai wa daida, abin da masu harbin nesa ke nema ruwa a jallo.

Sai dai a nan ne haɗarin yake. Wuya da kafaɗa kaɗai ake so su yi laushi. Gindin kwanso shi ke tare ƙarfin fashewar albarushi, don haka dole ya kasance da taurinsa. Idan zafi ya kai can, kwanson na iya fashewa a cikin bindiga, iska mai zafi ta bugi fuskar mai harbi. Kwanson da ya sha wuta fiye da kima ba ya gyaruwa, zubar da shi ake yi.

Wani abin mamaki ga maƙera shi ne, tsoma tagulla mai zafi cikin ruwa ba ya ƙara mata tauri kamar yadda yake yi wa baƙin ƙarfe.

A Najeriya kuwa, ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, kuma kamfanin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ne ke ƙera wa sojoji.

Har gobe, harsasan sojojin Amurka na fitowa da wani launi mai shuɗi-shuɗi a wuyansu. Ba tsatsa ba ce, shaida ce cewa an gasa su.