Janar Giffard, Baturen Da Ya Kai Sojojinmu Yaƙin Bama

Matafiyin da ya taso daga Birnin Gwari ya ratsa dajin Buruku ya sauka Kaduna, zai ji ana kiran wasu barikokin soja Dalet da Kalapanzin, in ya zarce Zariya kuma ya ji ana faɗin Chindit. Waɗannan sunaye ba Hausa ba ne, ba Gwari ba ne. Daga ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, aka zo da su, kuma wanda ya yi sanadin zuwan mazanmu can shi ne Janar George Giffard.

An haifi Giffard a 1886. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ja sojojin Afirka ta Gabas wajen yaƙar Jamus, a 1936 kuma aka ba shi duba rundunonin baƙar fata na ƙasashen da Ingila ke mulki a Afirka. Da yaƙi na biyu ya ɓarke, a 1940 aka naɗa shi babban kwamandan Afirka ta Yamma. A hannunsa ne runduna ta bunƙasa, aka yi ta ɗibar samari daga lardunan Arewa, har da Lardin Zazzau wanda ƙasar Birnin Gwari ke ciki.

Bayan Jafan sun cinye Bama a 1942, Giffard ya nace cewa mutanen Afirka ta Yamma su ne daidai da yaƙin kurmi. To, a nan akwai abin dubawa. Yawancin Hausawan da aka ɗauka ba su taɓa ganin kurmi irin na Bama ba. Ko dajin Birnin Gwari, duk da duhunsa, dajin doka da maje da kaɗanya ne, da rani ana ƙone shi har mutum ya hangi nesa. Can kuwa duwatsu ne masu santsi, da gora mai sarƙaƙiya, da matsattsaku, da ruwan da kan yi watanni bai ɗauke ba.

Abin da ya fid da su wata baiwa ce daban, wato ɗaukar kaya a ka. Runduna ta 81, wadda ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan inda babu hanyar mota. 'Yan alaro suka ɗauki harsashi da abinci da kayan asibiti a kawunansu, jiragen sama kuma suna jefo musu guzuri da laima. Bataliyoyi uku na Nijeriya aka ware suka bi dakarun Janar Wingate, wato Chindit, a 1944.

Shi Giffard ya koma Indiya a 1943, ya riƙe Rundunar Gabas, daga baya ya zama shugaban sojojin ƙasa na Ingila a wannan fage, Janar Slim yana ƙarƙashinsa. Ba mai son a san da shi ba ne. Aikinsa horo, da gyaran hanyar kawo abinci, da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Amma jininsa bai haɗu da na Mountbatten ba, saboda haka a watan Nuwamba 1944 aka sauke shi, aka ba Janar Leese.

Wata biyu bayan tafiyarsa, a Janairu 1945, runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung daga hannun Jafan. Giffard ya rasu a 1964.