Gilashin cikin ido: kafin a yi ado, a san man da ke gadin ido

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan kwalliya a kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, ya ga wata haja da a da ba mu san ta ba. Wani ɗan fallen gilashi ne mai laushi, siriri kamar ɓawon albasa, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Akwai shuɗi, akwai kore, akwai ruwan zuma. Amare da ƙawayensu ne suka fi saye. Akwai kuma waɗanda likita ya rubuta wa irinsa don gyaran gani a madadin tabarau.

A gidan rediyonmu, da zarar hunturu ya kama, kukan masu sa wannan gilashi iri ɗaya ne: ido na ƙaiƙayi, yana yaji kamar an watsa yashi, kafin la'asar ya kaɗa ya yi ja. Wata ƴar kasuwa ta shaida mana cewa ta ƙarar da kwalbar maganin Afolo har biyu ba ta ga sauƙi ba. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, da ta je asibiti an ce idonta ya bushe, alhali kullum hawaye yake zubarwa.

Mai ne ke tsare ruwa

Bayanin yana gefen fatar ido. A bayan layin gashin ido akwai ƙananan ƙofofi a jere, kowace ƙofa bakin wata ƴar jaka ce mai yin mai. Fatar sama tana da kimanin 30 zuwa 40, ta ƙasa kuma 20 zuwa 30. Wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, ya yi bayaninsu a shekarar 1666, kuma har yau sunansa suke amsawa a wurin likitoci.

Duk ƙiftawa ɗaya tana matso ɗan mai daga jakunkunan nan, ta shimfiɗa shi a kan hawaye. Aikinsa kamar na marufin randa ne: ya hana iska da zafi shanye ruwan. Idan man ya yi kauri ya toshe ƙofofin, ko ya ragu, hawaye sai ya ƙafe da wuri. Ido na jin zafi sai ya kwararo wani sabon ruwa, wanda shi ma ba ya zama tunda babu mai riƙe shi. Abin da ya sami ƴar kasuwar nan ke nan. A shekarar 2011, wani taron masana ido na duniya ya bayyana cewa lalacewar waɗannan jakunkuna ita ce kan gaba wajen haddasa bushewar ido.

Ina laifin gilashin?

Gilashin yana zama ne a tsakiyar hawaye, ya raba shi gida biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Na saman ya yi siriri, mai ba ya shimfiɗuwa a kansa yadda ya kamata, don haka ya fi saurin ƙafewa. Ga kuma gogayyar fatar ido da gefen gilashin sau dubbai a wuni. A shekarar 2009, masu bincike a Japan ƙarƙashin likita Reiko Arita sun ɗauki hoton cikin fatar ido, suka gano masu sa gilashi sun fi rasa jakunkunan mai, kuma asarar na ƙaruwa da yawan shekarun sawa. Abin tsoron shi ne, jakar da ta toshe ana iya buɗe ta, amma wadda ta daɗe a toshe har ta shanye, da wuya ta dawo.

Mu kuma a nan ga namu ƙarin. Iskar hunturu busasshiya ce, ga ƙurar kasuwa, ga hayaƙin manyan motoci a bakin shinge, ga tafiyar babur ido a buɗe. Mai ƙura wa waya ido yana lissafi ko tura kuɗi, ƙiftawarsa raguwa take yi ba tare da ya sani ba. Kwalli ma, in an ja shi ta cikin gefen fatar ido, daidai bakin ƙofofin man ake shafa shi.

Abin da za a iya yi a gida

Maganin farko ba ya cin ko dala. A sami tsumma mai tsabta, a jiƙa da ruwa mai ɗumi wanda bayan hannu zai jure, a cire gilashin, a rufe ido a ɗora na minti 5 zuwa 10, ana sake ɗumama shi in ya huce. Ɗumin yana narkar da man da ya daskare. Daga nan a murza fatar ido a hankali da yatsa zuwa wajen gashin, a goge gefen. A wanke kwalliya kafin barci. A riƙa ƙiftawa cikakkiya, fata ta taɓa fata. Ranar da ƙura ta yi yawa a hutar da gilashin, a koma ga tabarau.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi ko kusa: ba a kwana da gilashi a ido, ba a wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya ko miyau, ba a aron na ƙawa, ba a wuce kwanakin da aka rubuta a fakitinsa. Ƴar akwatin ajiyarsa a canza ta duk wata 3. Kada a sayi maganin ɗigawa a tebur don kawai yana kashe ja, domin wasu suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga hawan jinin ido in an daɗe ana sawa. In aka ji ciwo mai tsanani, ko gani ya dushe, ko haske ya gagara kallo, ko farin tabo ya fito a baƙin ido, a cire gilashin a nufi likitan ido a ranar, ba sai kasuwa ta tashi ba.

Kira ga masu sayarwa

Ƴan uwa ƴan kasuwa, wannan haja ba ɗankunne ba ce. A Amurka, tun shekarar 2005 doka ta sa har gilashin ado cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likita, saboda ƙwayar idon kowa da irin girmanta. Mu da ba mu da mai tsaya mana a kai, amana tana hannunmu. A duba ranar lalacewa, a guji fakitin da ya fashe ko ya sha rana, a haɗa wa mai saye da ruwan wankinsa na ainihi, a kuma gaya mata ta fara zuwa a auna idonta. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Biki kwana biyu ne, ido kuwa da shi za a ƙirga ribar gobe. Allah ya kare mana ganinmu.