Lissafin Da Ke Rage Tsadar Abincin Dabbobi

A ƙasar Zangon Kataf, daga Zonkwa har Samaru Kataf, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji ko wata dabba ba. A Katsit, kusa da Kafanchan, akwai babbar kasuwar aladu ta mako-mako wadda fatake ke zuwa daga kudancin Nijeriya. Amma kukan masu kiwo ɗaya ne, watau tsadar abinci, gama shi ke cin fiye da rabin kuɗin da ake kashewa.

Masana lissafi sun daɗe da samo dabara a kan wannan, wadda za a iya kira lissafin neman mafi araha. A 1945 wani Ba'amurke, George Stigler, ya lissafa cewa dala 39 da santi 93 za su ciyar da mutum shekara guda bisa farashin 1939. A 1947 George Dantzig ya fito da hanyar warware irin wannan lissafi daki-daki. Da aka gwada ta, sai amsar ta sauko zuwa dala 39 da santi 69. A 1951 Frederick Waugh ya yi amfani da ita wajen haɗa abincin shanun madara.

Ga misali. Kaza mai ƙwai tana bukatar sinadarin gina jiki wajen kashi 16 cikin 100. Masara tana da wajen kashi 9, tunkuzar waken suya kuwa wajen 44. In aka haɗa kilo 80 na masara da kilo 20 na tunkuza, an sami kashi 16 daidai. To, amma da zarar an kawo dawa, da dusa, da garin ƙashi saboda ƙarfin ɓawon ƙwai, kowanne da farashinsa, sai lissafin ya gagari alƙalami. Nan ne kwamfuta ke zaɓo haɗin da ya cika bukata da kuɗi mafi ƙanƙanta.

Sai dai lissafi bai san ɗanyen waken suya yana hana narkewar abinci ba, dole a soya shi tukuna. Haka kuma farashin kaka daban da na bazara, saboda haka wajibi ne a sake lissafin duk lokacin da kasuwa ta juya. Mai kiwon da ke awo da ka, yakan ga asararsa a kwandon ƙwai.